Na Je Damagaram Neman Hannun Kawu Cindo

Tun da na dawo daga Damagaram 'yan ajinmu ba su bar ni na huta ba. Wannan ya kira, wancan ya turo saƙo: yaya makarantar likitocin can take, suna karɓar wanda ya yi nisa a wani wuri, da Faransanci ake komai? Sun ɗauka neman canjin makaranta ne ya kai ni, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya zauna a gida irin zaman da muke yi, yana jiran ranar da za a amince wa makarantarmu ta wuce da mu ɓangaren asibiti, dole ya fara leƙen wasu wurare. Ni kuwa kun san ni, in na fara bayani a cikin mutane sai maganar ta watse mini. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba gurbin karatu na je nema ba. Gawa na je nema.

Ƙanen mahaifiyata ne. Sunansa Iliyasu, amma daga Ɗanzomo har Maigatari ba wanda ya san shi da wannan suna. Cindo ake ce masa, saboda yatsa na shida da yake da shi a hannun hagu, a gefen ƙaramin yatsa. Wanzami ya so ya cire shi tun yana jariri, kakarmu ta hana. Sana'arsa korar dabbobi: 'yan kasuwa su sayi shanu a kasuwannin Nijar, shi da abokansa su koro su a ƙafa har kasuwar Maigatari. Bayan an gama girbi ya tafi kamar kullum. Bai dawo ba, wayarsa ta daina shiga. Sai da zafi ya shigo sosai wani abokin korarsa ya kawo labari cewa mota ta buge wani mai kama da shi a bakin Damagaram, ya rasu a asibiti, ba wanda ya je nema, an ba makarantar likitoci gawarsa.

Ranar da labarin ya iso gidanmu a Gumel, Inna ba ta yi kuka ba. Ta kira ni ɗakinta, ta daɗe tana kallona kamar wani baƙo.

"Habibu, abin nan da ka taɓa ba ni labari, wanda kuke yi a ɗakin nan mai wari. Ka ce waɗanda ba su da kowa ake kawo muku."

"Haka ne, Inna."

"To shi yana da ni."

Tun daga ranar abinci ya gagare ta, sai ruwan koko. Dangi suka zauna, shawara ta faɗo kaina: ni na san irin wuraren, ni zan iya magana da masu farar riga. Ba wanda ya tuna cewa ni ne wanda ko sayen kati a shago sai na shirya abin da zan ce tun daga gida.

Na fara zuwa ƙauyensu, gaba da Ɗanzomo kaɗan, don in karɓi hotonsa a wurin matarsa, Hajo. Ba ta girme ni da yawa ba, tana da yara biyu. Na same ta tana sussukar gero ita kaɗai. Ta kawo hoton, wanda aka ɗauka ranar sunan ƙaramin ɗansu, ta miƙo mini ba tare da ta kalle shi ba.

"'Yan'uwana sun ce in koma gida, dangin miji sun ce in zauna. Liman ya ce ba zan shiga takaba ba sai an tabbatar. Dabbobinsa ba mai taɓawa, gonar ba wanda ya san wa zai shuka." Ta gyara ɗankwalinta. "In ka same shi, ko ƙashi ne, ka duba hannun. Ni dai a gaya mini abin da nake, matar aure ko mai takaba."

Ranar Alhamis na tashi, don in sami mai labarin a kasuwar Maigatari. Na same shi a kara, cikin ihun dillalai da kukan raƙuma, yana shan fura a gindin wata mota. Malam Jibo sunansa. Na tambaye shi a hankali ko shi ya ga abin da idonsa.

"Ni? A'a. Wani direba ne ya gaya mini."

"Shi ya gani?"

"Wani Buzu ya gaya masa. Amma ai duk garin an san makarantar nan, ba ta barin gawa ta kwana." Ya lashe ludayin. "Ka sauka gidan Alhaji Lawali, fatomanmu. Nan duk muke sauka. In akwai wanda ya san inda Cindo ya sa gaba, shi ne."

A kan iyaka na sami matsalar da ban zata ba. Da jami'in ɓangaren can ya karɓi katina na makaranta ya ga hotona da farar riga, sai fuskarsa ta sake. Ya ja ni bayan rumfa, ya tuɓe takalmi, ya nuna mini ƙafa a kumbure kamar tulu. Na ce masa ni ban zama likita ba tukuna. Ya tambayi shekarun da na yi ina karatun, na faɗa masa.

"To me kake jira, ɗan Najeriya?"

Na ce abin da nake tambayar kaina ke nan. Na danna ƙafar, yatsana ya bar rami, na ce lallai ya je a duba masa hawan jini da ƙoda. Ya ji haushi, don ƙwaya yake so in rubuta masa. Kafin in fito, motarmu ta fara tafiya, sai da na bi ta da gudu ina riƙe da jaka, mutanen ciki suna dariya.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, mutane a kan buhuna, tumaki a ƙarƙashin ƙafafunmu. Wani rago ya sami gefen littafin da na ɗauko don karatu a hanya, ya cinye mini kusan babi guda kafin in ankara. Kusa da ni akwai wata Hajiya mai fataucin robobi, wadda ba ta yi shiru ba tun daga iyaka.

"Wannan yaro kurma ne ko kunya ce?" ta tambayi motar gaba ɗaya. "Kai, ka ci abinci kuwa? Dubi wuyansa."

A Dungass aka tsaya sallah da gyaran taya. Ta sayo dambun zogale da ƙuli-ƙuli, wanda can suke kira kwabto, ta tura mini gabana, ta tsaya a kaina har na cinye. Nasu ya fi namu yaji da albasa. Hausarsu ɗaya da tamu, sai 'yan kalmomi: makaranta lakwal, ɗan acaɓa kabu-kabu. Kuma ba sa gaggawa. Direba ya kwanta a inuwa ya yi barcinsa, ba wanda ya ce masa uffan. Da a tashar Gumel ne da tuni an cinye shi da baki. Da Hajiyar ta matsa mini na ce makarantar likitoci zan je, sai ta janye ƙafarta daga kusa da tawa.

"Wurin masu yanka mutane? Allah ya kyauta maka, ɗan nan. Da fuskarka ta malamai."

A haka muka shiga gari.

Gidan Alhaji Lawali babban zaure ne da tabarmi, sandunan masu kora jingine a lungu, butoci a jere. Baƙo ba ya biyan kwana, kuma ba a tambayarsa abin da ya kawo shi. Shi ma baƙon ba ya faɗa sai an gama shayi. Wannan ban sani ba. Ina gama gaisuwa na ciro hoton, sai Alhajin ya ɗaga mini hannu.

"Ɗana, mayar da shi aljihu. Wuta ma ba ta kama ba."

Shayin nasu a ƙananan kofuna ne, ana dafa ganye ɗaya ana sake dafawa, na fari da ɗaci kamar magani, na ƙarshe zaƙi zalla. Na zauna ina kallon garwashi, hoton yana cikin aljihuna kamar dutse. Sai da aka wanke kofunan ya ce in kawo.

"Cindo ne. Ya kwana a nan, ga wurinsa can. Ya ce zai yi arewa ya karɓo wasu shanu, ya bar bargonsa sai ya dawo."

"Baba, ba ku neme shi ba?"

"Mai kora ba a nemansa da wuri. Akwai wanda ya ɓace mana har aka yi masa addu'a, ya dawo da mata da ɗa daga Agadas. Maganar haɗarin kuwa na ji ta bayan an daɗe. Na aika asibiti, aka ce an riga an ɗauke mutumin." Ya sa aka ɗauko bargon daga saman katanga. Baƙi ne mai jan layi. Na san shi, Inna ce ta saya masa.

Da safe aka kawo burodi dogo mai tauri kamar sanda da wake. Na hau kabu-kabu zuwa makarantar. Ba zan faɗi sunanta ba. Jami'a ce mai zaman kanta a gefen gari, mutanenta sun yi mini kirki, kuma ban nemi izininsu kafin wannan rubutu ba. Na wuce ƙofar na dawo, na sake wucewa, har mai gadi ya kira ni ya tambaya ko na ɓata ne. Ɗalibai suna ta Faransanci a tsakaninsu, amma da na yi sallama suka juya Hausa, suka kai ni wurin malamin da yake koyar da ilimin sassan jiki. Dokta Isa, tsoho ne siriri, alli har a girarsa.

Na yi masa bayani ina tuntuɓe da kalmomi. Bai katse ni ba. Da na gama ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko makulli mai tsatsa.

"Taso ka ga inda muke yanka mutanen."

Muna tafiya yana ba ni tarihin wurin, kamar wanda ya daɗe bai sami mai saurare ba. A da, in ji shi, duk ɗan yankin da yake son likitanci sai ya tafi babban birni ko ƙasar waje, kuma wanda ya tafi da wuya ya dawo. Shi da wasu abokansa da suka dawo suka ce bari su gwada a gida. A gidan haya suka fara, tsohon gidan wani mai fataucin gyaɗa, har lokacin warin gyaɗar bai fita ba. Ɗaliban farko da kansu suke ɗauko bencina daga wata makarantar firamare da yamma, su mayar kafin safiya. Littafi ɗaya ne na sassan jiki, aka yaga shi babi-babi ana karɓa-karɓa. Daga baya aka sami fili, aka yi azuzuwa, asibitin gari ya yarda ɗalibai su riƙa shiga ɗakunan marasa lafiya. Sai wasu masu taimako daga waje suka ba da kuɗin gina ɗakin fiɗa.

"Ranar da aka gama shi ban yi barci ba don murna," ya ce. "Ga shi nan."

Ƙofar ta buɗe da ƙyar. Ɗaki ne babba, ya fi namu kyau nesa ba kusa ba. Farin tayil har rabin bango, teburan ƙarfe a jere, kwatamin wanke hannu a kowane gefe. Hancina ya shirya wa warin nan da kuka sani, wanda yake bin mutum har cikin abinci. Babu shi. Ƙura ce kawai da kashin tsuntsaye. Manyan tankokin da aka yi don ajiye gawa a bushe suke, an cika ɗaya da karyayyun kujeru, ɗaya da buhunan siminti da suka daskare.

"Ba a taɓa kwantar da mutum a kan teburin nan ba," ya ce. "Ko sau ɗaya."

Na zauna a kan wani buhu.

Ya ci gaba. Da labarin ɗakin ya shiga gari, dattawa da malamai suka zo. Ba da faɗa suka zo ba, sun zo da tabarminsu, suka zauna a inuwar can, suka nemi a yi musu bayani. Ya yi musu, har da hotuna. Babbansu ya tambaya gawar wa za a kawo. Ya ce wadda ba ta da kowa.

"Sai tsohon ya ce mini, 'Dokta, a garin nan babu gawar da ba ta da kowa. In ba ta da dangi tana da mu.' Me zan ce masa? Tun daga ranar mutanen masallacin asibiti suka ɗauki nauyin duk wanda ya mutu ba a san shi ba. Amma ginin yana nan, kowa yana ganinsa daga titi. Muka sami sunan, ba mu sami gawar ba."

A lungu akwai mutum-mutumin roba wanda ake ciro masa hanta da zuciya a mayar. Ɗalibai suna kiransa Malam Shiru. Huhunsa ɗaya ya ɓata, wani ɗalibi ya sassaƙa masa na soso ya shafa jan fenti. Kusa da shi ƙwarangwal ne na gaske, wanda aka sayo daga waje tun zamanin gidan gyaɗa. Na san ya girmi ɓatan Kawu da shekaru masu yawa. Duk da haka sai na tarar da kaina na kama hannunsa na hagu ina duba yatsun. Dokta Isa ya gani, ya kau da kai.

"Kai ka taɓa yi?" ya tambaye ni bayan ɗan lokaci.

"Na taɓa."

"Da hannunka? Ka bi jijiya tun daga wuya har yatsa?"

Na ce e. Ya kalle ni yadda mai azumi yake kallon randa. Ya ce shi ma ya yi, a wata ƙasa, yana saurayi, kuma har yau yatsunsa suna tunawa, amma abin ba ya faɗuwa da baki. Ɗalibansa, ranar da suka fara ganin cikin mutum, mutumin yana numfashi. Na ba shi labarin tamu makarantar: an buɗe ta da biki, an kawo mana gawawwaki daga nesa a mota, mun gama duk abin da ake yi da su, amma asibitin koyarwa bai cika sharuɗɗa ba, mun tsaya cak, 'yan bayanmu sun tarar da mu, na bayansu ma sun kusa.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Ku kuna da matattu kuna jiran masu rai, mu ga masu rai har a ƙasa, matattu sun gagare mu. Da kusa muke da mun yi musaya."

Ya ce abokan da suka fara tare, wani ya rasu, sauran sun koma inda ake biya. Malaman yanzu baƙi ne, su zo su zuba karatun shekara a cikin 'yan kwanaki su hau mota. Ɗaliban da suka fi ƙoƙari suna karɓar takarda su tsallaka. "Na ce in na mutu a kwantar da ni a nan, ko mutum ɗaya su gani. Matata ta ce in sake faɗa ta tafi gidansu."

Dokta Isa ne ya sa aka nemo mini ɗalibin da yake ɗakin gaggawa lokacin da aka kawo mutumin haɗarin. Mustafa sunansa, ɗan ajin ƙarshe. Ya tuna da shi sarai: dogo, siriri, da rigar masu kiwo, ba waya, ba takarda, bai farfaɗo ba har ya cika. Ya ɗauki hotonsa ko dangi za su zo. Ya buɗe wayarsa ya miƙo mini.

Fuska ce kawai, a kumbure, rabi a naɗe da bandeji. Na ajiye hoton da Hajo ta ba ni a gefe ina kallon wannan ina kallon wancan. Na duba kunne, na duba gemu, na duba goshi. In na so ya zama shi sai ya zama shi. In na sake kallo sai ya zama kowa.

"Hannunsa fa? Na hagu. Akwai yatsa na shida?"

Mustafa ya rufe ido yana ƙoƙari. "A dama na sa masa ruwa. Na hagun yana ƙarƙashin zane. Wallahi ɗan'uwa kansa nake kallo, jini yake zuba, ni kaɗai ne a ɗakin." Ya ba ni haƙuri har sau nawa, kamar shi ya buge shi.

Saura mutum ɗaya, wanda ya yi masa wanka. Bayan an sauko Juma'a na same shi a masallacin asibiti, Malam Ɗanbaba, tsoho mai faci a gwiwar wando. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce ya tuna an kawo baƙo a lokacin, shi ya wanke shi, mutane suka yi sahu aka sallace shi kamar kowa.

"Baba, hannunsa na hagu. Kun riƙe shi, kun wanke shi. Yatsu nawa ne?"



"Ɗana, wanda ya koya mini aikin nan, abin da ya fara koya mini shi ne kada in gani. Mamaci ba ya iya rufe kansa, kai ne za ka rufa masa. Hannuna a cikin tsumma yake, zane a kansa, idona a bango. Abin da hannu ya ji kuma, kafin in fito na bar shi a ɗakin. Shekaru ina roƙon Allah ya hana ni tunawa, ya kuma amsa mini."

"Akwai mace tana jira, Baba. Da yara biyu."

"Na ji ka. Da na sani da na faɗa maka, wannan ba tonon asiri ba ne. Ban sani ba." Idonsa ya kawo ruwa. "In ce maka shida don ka ji daɗi?"

Na ce a'a.

Ya raka ni maƙabarta da rana tsaka. A can gefe akwai layin baƙi, tudun ƙasa bayan tudun ƙasa, ba suna, sai fasassun tukwane. Ya nuna wani yanki da sandarsa ya ce a tsakanin nan ne. Na yi addu'a a kan duka. Na tsaya ina tunanin cewa amsar tana ƙarƙashin ƙafata, ba ta kai zurfin tsayina ba, kuma ni an koya mini yadda ake gane ƙashin yatsa ko a cikin duhu. Ban ko furta maganar tono ba. Ba garin da za a yarda, namu ma ba za a yarda ba.

Dawowa ba ta da labari. Alhaji Lawali ya cusa mini kilishi a jaka, ya ce a gaida mai ɗakin Cindo, bai ce a yi mata gaisuwar rasuwa ba. A kan iyaka jami'in nan ya gane ni, ya ɗaga ƙafar ya ce, "Likita, tana nan yadda ka bar ta." Bai je asibitin ba.

Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta na shigo. Ta ga bargon, ta karɓa ta ɗora a cinya.

"Sun taɓa shi?"

"Ba sa taɓa kowa a can, Inna. Ko wane ne mutumin, an yi masa wanka, an yi masa sallah, an rufe shi."

Ta sauke numfashi. Da yamma ta ci tuwo. Ita abin da ta aike ni nema ke nan, kuma na kawo mata.

Washegari na tafi ƙauye. Aka taru a ƙofar gidan liman, dattawan dangi a kan tabarma, Hajo a bayan zana inda za ta ji. Na faɗi komai yadda ya faru, ban rage ba ban ƙara ba: bargon, hoton, Mustafa, Malam Ɗanbaba, layin baƙi. Liman ya saurara har ƙarshe.

"Malam Habibu, ka ga hannun?"

"Ban gani ba, Allah gafarta Malam."

"Ka sami wanda ya gani?"

"Ban samu ba."

Wani yayan kakanmu ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Yaro, kai ka ga hoton nan, mu ba mu gani ba. Kai jininsa ne, kuma kai mai ilimin jiki ne. In ka ce ka gane shi, ba mai ja da kai. Zuciyarka me ta ce maka?"

Na ji motsin zanar. Na san abin da suke so, na san kalma ɗaya ce. Na sake kawo fuskar nan a idona, na nemi wani abu guda da zan riƙe in ce wannan nasa ne. Ban samu ba. Kuma Alhaji Lawali ya ce akwai wanda aka yi wa addu'a ya dawo.

"Ban sani ba," na ce.

Liman ya gyaɗa kai. Ya ce to hukuncin wanda ya ɓata ne. Sai a kai magana gaban alƙali a Gumel, a yi cigiya, in ba labari ta jira shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Dukiya kuwa ba mai taɓa ta. Aka shafa fatiha, aka watse, ba wanda ya kalle ni.

To, ga amsar tambayarku. Makarantar tana da kyau, malaminta mutumin kirki ne, Faransanci ake yi, kuma ban tambaya ko suna karɓar irinmu ba. Duk wanda yake so ya je ya gani da kansa, amma ya sani can ma jira ake yi, irin nasu daban ne kawai.

Kafin in bar ƙauyen na shiga in ba Hajo bargon da hoton Kawu. Na tarar ta ciro wani farin zane daga akwati, sabo, da alama ta tanade shi tun ina hanya. Tana ninke shi tana mayarwa. Ta karɓi bargon ta ajiye a gefe, ba ta shinshina ba, ba ta yi kuka ba. Ƙaramin yaron yana jan zanenta.

"Sannu da hanya," ta ce. "Ka sha wahala."

Na ce ta yi haƙuri.

"Na ji duk abin da ka faɗa, kuma na san gaskiya ka faɗa." Ta rufe akwatin, ta zauna a kansa. "Amma Habibu, da ka ce shi ne, wa zai kama ka?"

Na tsaya a bakin ƙofa da takalmina a hannu. An yi ruwan farko a makon jiya. Gonar Kawu tana nan ba a shuka ba.